Rasuwar Siririya, Wayar da Ta Juya wa Kaduna Baya

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ko goro bai rage shi ba, Malam Bobbo na Furana, wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci har ya kusa gamawa, yana sanar da jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan rasuwar wayar eriyar rediyonsa, wadda aka fi sani da Siririya. Ta cika a daren Juma'a, jim kaɗan bayan isha'i. Na kusa sun ji ƙara guda, "ƙyuuung", kamar tsirkiyar garaya ta tsinke a sararin sama. Sai kukan jaki. Sai shiru.

Marigayiyar jan ƙarfe ce tsantsa, ba gauraye. Ta zo garin nan a shekarar da aka sauke tutar Bature, a naɗe cikin jakar Ilisha, tsohon sojan yaƙin Bama da ya yi aikin wayar iska. Malam ya ɗaure ta daga kan zaure zuwa tsamiyar ƙofar gida, ya sa mata wuyan kwalba a kowane ƙarshe. Da ya tambayi yadda murya ke zama a jikin waya, Ilisha ya ɗaure igiyar guga a tsamiya ya kaɗa.

"Ka gani, Baba? Motsin ya je ƙarshe, bai sami ƙofa ba, ya juyo, ya ci karo da mai zuwa. Sai su tsaya wuri ɗaya suna rawa, nan tudu, can kwari. Haka murya ke yi a wayarka. Duk abin da ya je, sai ya dawo."

Malam ya kwana yana tunanin wannan. Da safe ya zubar da kokonsa wajen kaɗa igiya.

A wancan zamani Siririya ba ta da maƙiyi. Gaba da baya duk ji take. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta ƙara gishiri a labari. Kowane maraice zaure kan cika har waje, Kaduna na magana kamar a kan tabarma ɗaya ake zaune. Ita ta kawo alkawarin rijiya da na asibiti da na kwalta daga bakin masu neman ƙuri'a, kuma bisa halinta na kirki alkawuran suka tsaya wuri ɗaya suna rawa, inda suke har yau.

Sai dai Malam yana da ɗa, Lado, wanda ya tafi Makka da ƙafa tun Bature na nan, ba shi ba labarinsa. Wata rana wani alhaji da ya dawo ya ce akwai tasha can gabas da ke karanta gaisuwar Hausawan da hanya ta riƙe, duk daren Juma'a. Malam ya murɗa rediyo har yatsa ya yi kanta, bai ji komai ba sai "shhh". Ya aika aka kira Ilisha.

"Baba, sai dai a sake mata hali."

Aka kwance ta daga tsamiya, aka ƙara mata tsawo, aka sauko da ita kan sandunan gora, aka miƙa ta gabas ta cikin gonar raken maƙwabcinsa Ahmadu. A wutsiyarta Ilisha ya haɗa wani ɗan abu mai zanen launi, bai fi ƙwayar wake ba, ya soke ƙarshen a ƙasa mai laima.

"Yanzu abin da ya taso daga gabas zai biyo ta har kunnenka. Wanda ya zo ta baya kuwa zai bi ta ya yi gabas, ƙasa ta shanye shi. Matafiyi ne, ba ya dawowa."

Malam ya so wannan magana fiye da ta farko. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai fura, ya faɗa a makoki biyu da wani taron suna: "Duk abin da ya nufi gabas a wayata, ba ya dawowa!"

Kaduna kuwa a baya take. Muryarta ta koma kamar ana magana cikin tulu. A madadinta aka sami Larabci da wani kiɗa mai kama da kukan kyanwa. Zaure ya watse. Masu kiran marigayiyar Siririya suka koma kiranta igiyar shanyar Bobbo, kuma matarsa Hajo ta ɗauki maganar da gaske.

Daga nan jinya ta fara. Jiƙaƙƙun zannuwa suka lanƙwasa mata baya. Ta yi kore a gaɓoɓi. Ta cire wa Ahmadu hula a gonarsa ta gado, ya ce zai kai ƙara gidan mai gari, Malam ya ba shi haƙuri da bayanin igiyar guga. Duk da haka ba ta taɓa fasa aiki a daren Juma'a ba. Malam kan zauna shi kaɗai, kunne a jikin akwati, yana jin sunayen mutanen Kano da na Borno suna gai da iyayensu.

Kalamanta na ƙarshe, kamar yadda ya ji su: "Wiii... shhh... sai gaisuwa daga wani mutumin ƙasar Zazzau, yana gai da mahaifinsa da ke..."

A daidai nan jakin Ahmadu, ɗauke da rake zuwa wurin matsar mazarƙwaila, ya bi ta ƙarƙashinta. Ahmadu ya rantse jakinsa bai ƙara tsawo ba, wayar ce ta sauko. Hajo ta ce zanenta ɗaya ne tak a kai, shi ma ya kusa bushewa. Malam bai zargi kowa ba. Ya dai lura cewa ta cika tana fuskantar gabas.

Ta bar rediyo guda, wanda bai ce uffan ba tun ranar. Batir mai nauyin ɗan akuya. Wuyan kwalba biyu. Da kurciyoyin da har yanzu suke zuwa su sauka a kan iska, su tuna, su tashi. Ta kuma bar Malam da rabin gaisuwa. Ƙasar Zazzau faɗi gare ta, ya sani, kuma ba shi kaɗai ne uba a cikinta ba.

Liman ya ce ba za a yi mata salla ba, ya kuma roƙi a daina tambayarsa. Saboda haka za a naɗe ta ranar Asabar da hantsi, a rataye ta a tsamiyar da ta yi ƙuruciya, har Ilisha ya zo ya duba ko tana ɗauruwa. An ƙi amincewa da buƙatar Hajo ta gadon gawar. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Mai niyyar kawo goro, in da hali ya kawo jan ƙarfe. Jakin Ahmadu ba a gayyace shi ba.

Masu gaisuwa sun riga sun fara zuwa. Jiya tsohuwa Mero, maƙwabciyar da ta yi goyon Lado yana jariri, ta durƙusa a ƙofar zaure ta yi ta'aziyya yadda ya kamata. Har ta miƙe, sai ta juyo.

"Malam, ba kai ka ce duk abin da ya nufi gabas a wayar nan ba ya dawowa ba? To, me ya sa irinta ka ɗaura wa yaron nan?"