Maganin Wankin Ciki a Ƙwarya Guda

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi matata Hajo ta rasu, ciwon ciki kuma ya sa ni gaba. Likita a Birnin Kebbi ya ce zai ɗauki hoton hanjina, amma sai na wanke shi tukuna. Ya ba ni garin magani, ya ce in jiƙa, in riƙa sha kofi-kofi tun ana gobe zan zo.

Ni da nake shan filasko tun ina saurayi a Kaoje, wa zai koya mini wankin ciki? Da Hajo na raye, da ta ƙwace ƙwaryar. Ba ta nan. Ranar tafiya na dama maganin duka a ƙwarya, na kafa kai sai da na ga gindin ƙwarya, sannan na shiga motar 'yan kasuwa da ta taso daga iyakar Benin.

Kafin Bagudo, maganin ya ƙi hanyar da aka aike shi, ya dawo ta sama. Na yi amai kan buhun shinkafar wata Bazabarma.

"Baba, mi ka sha haka?" in ji direba.

"Magani. Ƙwarya guda."

"Subhanallahi! Ai ba hura ba ta!"

Suka sauke ni gindin tsamiya ni kaɗai. Hoto bai yiwu ba, na ƙara wata guda da ciwona.

Har yau in na ratsa tasha sai a ce, "Baba Ƙwarya Guda, a dama maka?" Nakan amsa. Tun bayan Hajo, su kaɗai ke tambayata ko zan sha wani abu.