Rasuwar Jadawalin 'Yan Aji

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, malamin ƙididdiga yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Jadawalin Aji, shafin nan na intanet da shi da ɗalibansa suke rubutu a kai tare, kowa daga wayarsa.

Marigayin mai haƙuri ne ƙwarai. Tun farkon zango ɗalibai suke zuba masa tsawonsu da lambar takalminsu, don a gano ko dogo shi ne mai babbar ƙafa, kuma a kan wannan aikin za a ba su makin jarrabawa. Bai taɓa ƙorafi ba, ko da gajerun aji suka riƙa lallaɓowa suna ƙara wa kansu tsawo. Iyakar maganarsa ita ce "ƙil!" in wani ya bar sharhi, sautin da matar Malam ta ce ita kam ba za ta yi kewarsa ba.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da shugabar aji, don son tsari, ta jera tsawo daga ƙarami zuwa babba, ta bar lambobin takalma a inda suke. Nan take 'yar ficiciyar aji ta tashi da takalmin ƙato. Sai kowa ya zama likita. Aka yi wa marar lafiya rubdugu, wannan na gyarawa, wancan na gyara gyaran. Malam ya tsawatar kowa ya janye, wai aikin manya ne. Ya gyara zaman tabarau, ya kwafe jadawalin a zatonsa, ya goge na asali, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfuta, don shi mutum ne mai tsafta. Da ya buɗe kwafin, fari fat. Wallahi ranar har idonsa ya kawo ruwa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗalibai babu maki, da hotonsa guda ɗaya a wayar wata ɗaliba, shi ma yatsa ya rufe rabi.

Za a yi jana'iza gobe da safe a aji, jikin bango, inda za a sake auna tsawon kowa. Masu ta'aziyya su zo da tef ɗin awo, a cire takalmi, ban da ɗaga dunduniya. Ɗalibai sun riga sun buɗe sabon jadawali, magajin marigayin, sun kuma ba Malam izinin kallo kawai, ban da taɓawa. Ya karɓi hukuncin, yana dai roƙon a rage dariya a wurin zaman makoki.