Ranar da Na Raba Arɗo da Kujerarsa

Ba zan taɓa mantawa da damina ta biyu da na yi ina malanta a wani ƙauye kusa da Rabah ba, zamanin Turawa, lokacin da aka ce kowane gari ya zaɓi 'yan majalisarsa. Ina saurayi a lokacin, da alƙalami a aljihu, ina jin duk ƙasar Sakkwato ba wanda ya kai ni.

Na karanta a wata 'yar takarda cewa a wasu ƙasashe ba mai rinjaye ne ke kwashe kujeru duka ba. Ana ƙirga kowane ɓangare, a ba shi daidai yawansa. In kujeru goma ne, masu kashi uku cikin goma su ɗauki uku, kamar dai rabon naman watanda. Abin ya shiga raina. (Gaskiya ba adalci kaɗai ya dame ni ba. Arɗo, shugaban Fulanin wurin, yana da 'ya mai suna Dije, kuma ina sonta har na rame, ban taɓa iya faɗa mata ba.)

Da ma bisa al'ada mai gari kan ba Arɗo kujera ɗaya don girmamawa, da ita yake kare burtalin da shanunsu ke bi zuwa gulbi. Ni kuwa na lissafa cewa da sabon tsarin sai ya samu uku. Na yi ta bin mai gari har ya gaji ya ce, "To malam, gwada mu gani."

Na je ruga na sanar da Arɗo ranar da na sa za a ƙirga mutane. Ya kalli ƙasa ya ce, "Duk ranar da kas sa, ɗana, daidai na." Na dawo ina fito. Ban san kunya ce ta hana shi ya gyara wa baƙo magana ba.

Ranar ta zo. Manoma suka ja layi har bakin masallaci, masunta suka ja nasu. Na juya wajen Fulani, sai na ga Arɗo da tsofaffi uku da sandunansu. Ashe da shuka ta fito, duk masu ƙarfi sun kora shanu daji nesa da gonaki. Kowa a garin ya san haka, sai malamin makaranta.

Na ƙirga, na raba, na sake rabawa, gumi na ɗiga a kan takarda. Mai gari ya ce, "Malam, faɗi da ƙarfi. Mi Fulani sunka samu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe... ba su kai kujera ba."

Aka kwashe da dariya. Arɗo bai yi ba. Ya matso ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Damina ta gaba aka nome burtalin. Da rani ya kama, Fulanin ba su sauko gulbinmu ba, aka ce sun yi wajen Goronyo. Na bi kasuwanni ina leƙa layin masu nono har takalmina ya cinye, ban sake ganin Dije ba, kuma har yau da furfurata ina kewarta.

Tsarin nan ba shi da laifi, har gobe ina kare shi. Amma tun daga ranar, kafin in ƙirga mutane sai na fara tambaya ko suna gida.