Watan da Kan Mai Buga Takardu Ya Huta

In ana lissafa waɗanda Allah ya yi wa baiwa, to a fara da mataimakin mai kula da fayil na ofishin hawa na biyu. Bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma wannan ƙaramin abu ne, ilimin ne ya biyo shi har gida. Ka yi atishawa, ya faɗa maka cutar da ta kashe kakanka. Abokan aiki suka raɗa masa Dakta Na-Sani, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har yana amsawa da ɗaga hannu. Ga shi da wani turare mai ƙarfi da yake fesawa sau uku kafin a tashi aiki. Turaren kan riga shi shiga ɗaki, in ya fita kuma ya bar shi yana gadi.

A ofishin akwai mai buga takardu, baiwar Allah mai haƙuri, wadda ciwon ɓarin kai ya sa a gaba. Likitan asibiti ya ce ta gwada ƙwayar koenzayim kullum aƙalla wata uku, domin wasu tana rage musu yawan ciwon. Ya ce ta guji abin da ke tayar mata da shi, ta kuma riƙa sa jar alama a kalanda duk ranar da kan ya sara.

Dakta ya hango kwalbar a kan teburinta. Shi ke nan, kwalba ta samu uba. Kullum da safe sai ya zo ya dafa teburin, ya sunkuyo har numfashinsa na kaɗa takardunta.

"Ƙanwata, haɗiye in gani. Wannan ƙwaya ni na san ta tun ba a raɗa mata suna ba. Ki gode wa Allah da ya haɗa ki ofis ɗaya da ni."

Ita kuwa sai ta ja gefen mayafi ta rufe hanci. Dakta ya ce a ransa, yarinyar nan akwai kunyar manya.

Ana nan sai manaja ya ce za a naɗa shugaban kwamitin lafiya, mai ofishinsa shi kaɗai, da allon suna a ƙofa. Dakta, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana raba tebur da injin kwafi, ya ji zuciyarsa ta yi tsalle. Ranar taro ya ƙara feshi na huɗu, ya ciro kalandar baiwar Allah daga bango ba tare da ya tambaye ta ba, ya tsaya gaban jama'a.

"Gani ya kori ji. Watan farko, jar alama tara. Na biyu, bakwai. Yanzu ku dubi na uku." Ya ɗaga shafin sama. "Fari fat. Wannan aikin hannuna ne, ba na son yabon kai."

Direban ofis har ya fara tafi. Sai dattijuwar da ke kula da hutun ma'aikata ta gyara tabarau.

"Dakta, wannan ba shi ne watan da ka tafi hutu ba? Ai ni na sa maka hannu."

Manaja ya karɓi kalandar, ya buɗe shafi na huɗu, wanda Dakta ya danne da babban yatsa. Jar alama shida, ta farko a Litinin ɗin da ya dawo. Ya dubi mai buga takardu. Ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ƙwayar tana iya ƙoƙarinta, daga tara ta kawo ni shida. To amma ita sau ɗaya nake sha, shi kuwa sau uku yake fesawa."

Dakta ya shinshina hannun rigarsa, bai ji komai ba. Dama gwano ba ya jin warin jikinsa.

Shugabanci dai dattijuwa aka ba. Amma manaja mutum ne mai adalci, bai hana Dakta ofis ba. Ya ba shi ɗakin tsofaffin fayil da ke can ƙarshen baranda, mai taga biyu, da sharaɗin tagogi a buɗe, ƙofa a rufe.

Har yau duk baƙon da ya ɓata hanya ya faɗa ɗakin, sai Dakta ya zaunar da shi ya ba shi labarin yadda ya raba wata baiwar Allah da ciwon kai. Kuma wannan karon, a yi masa adalci, ba ƙarya yake yi ba.