Rasuwar Tsohuwa a Hannun Masu Neman Fansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama gardama da kanta ba, Malam Abdulmajeed mai buga katin suna da na biki a unguwar Maamobi yana sanar da dangi da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda unguwa ta fi sani da Tsohuwa.

Marigayiya ta iso Accra cikin kayan gwanjo, ta zauna a shagon Malam zaman amana. Ta jure ɗaukewar wuta. Ta sha kokon da ya zube mata ba ta kai ƙara ba. Rabin sanarwar rasuwar da aka liƙa a bangayen Nima ita ta buga, sai ga tata da rubutun hannu. Maganarta ba ta wuce "fuuu" idan zafi ya dame ta. Amma tana riƙe da wata murya, ta Hajiya Amama, mahaifiyar Malam, wadda ya ɗauka kafin Allah ya karɓi abarsa, tana jera sunayen kakanni tun daga arewa. Kullum da haka take farawa: "Majeed, ka kunna abin? To, bar motsi." Babu wannan murya a ko'ina sai a cikin Tsohuwa.

Ajali ya zo cikin wani saƙo mai cewa Malam ya samu kujerar Makka kyauta. Ya yi bisimilla, ya danna. Fuskar marigayiya ta yi ja. Waɗanda suka kama ta suka kulle duk abin da ke cikinta, suka nemi fansa da bitkoyin, kuɗin intanet, suka yanka wa'adi.

Malam ba mai gaggawa ba ne. Limamin layinsu ya ce kuɗin da hannu ba ya taɓawa ƙanin caca ne. Wani malami a Alajo ya ce fansar kamamme lada ce, sai dai bai ci karo da babin kwamfuta ba. Ƙanwar Malam Abdulmajeed, Nasira, wadda da irin kuɗin nan ake biyanta aikin zane daga waje, ta ce ta san hanya, ya bari kawai ta yi. Ya ce ta dakata. Idan ya biya, ya sayi igiyar da za a ɗaure wani gobe. Idan ya ƙi, ya binne mahaifiyarsa karo na biyu. Har ya yanke cewa da an haramta kuɗin nan baki ɗaya da ɓarayi sun rasa hannun karɓa, sai ya tuna tun yana yaro ake yankan aljihu a kasuwar Makola, kuma ba a taɓa hana tela ɗinka aljihu ba. Yana tsakiyar wannan nazari wa'adi ya cika.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da firinta wadda ta shiga takaba, da jaka mai hannu ɗaya.

Za a kai gawa Agbogbloshie wurin masu sayen ƙarafa ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi mata wanka ba, ruwa bai taɓa karɓarta ba. An cire ma'ajiyar cikinta an naɗe da farin ƙyalle, Malam ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce. Zaman makoki a ƙofar shago. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da fatawa, an samu isasshiya. Tsofaffin da suka zauna da Hajiya Amama kuwa, kowacce ta taimaka ta zo da sunan kakannin da ta riƙe, ko ɗaya ne. Malam ya kai kan kakan kakansa, daga nan ya tsaya.