Ranar da Na Farfasa Sunana da Guduma

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Baffa Iro, ƙanin mahaifina, ya rasu ba. Mutuwar ta girgiza ni, amma abin da ya biyo baya ne har yau yake sa ni sunkuyar da kai.

A lokacin ni ne shugaban kwamitin ruwa na ƙauyenmu da ke kusa da Kwanyawa (ba wanda ya roƙe ni, ni na nema). Da aka yi mana rijiyar burtsatse mai aiki da lantarki, sai kaina ya kumbura. Na dage a rufe tsohuwar rijiyar ƙofar masallaci, wai zamaninta ya wuce.

Liman ya ce, "To Malam, ranar da aka ɗauke wuta fa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi tanadi." Na kai shi ɗakin ajiya na nuna masa janareto sabo fil. Aka rufe bakin rijiya da siminti, na ɗauki tsinke na rubuta sunana a kai tun bai bushe ba, har da muƙamina.

Ana gab da damina wata iska ta kayar da turakun wuta tsakanin Ƙaraye da Rogo, kuma ko ɗigon ruwa ba ta kawo ba. Tanki ya ƙafe, randuna suka bi baya. Duk wanda ya ce a tayar da janareto sai in ce a dakata, kar a ɓarnatar da mai. Gaskiyar magana, tun da aka sayo shi ban taɓa tayar da shi ba, tsoro nake ji.

Ana cikin haka Baffa ya cika. An haƙa kabari, an ɗinka likkafani, babu ruwan wanka.

Aka fito da janareton gaban masu jiran jana'iza. Na naɗe hannun riga na ja igiya, shiru. Na sake ja da duk ƙarfina, igiyar ta tsinke, na faɗi zaune, hulata ta yi nata wuri. Da aka buɗe cikinsa, ɓeraye sun cinye wayoyin har sun yi sheƙa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da na fi samun sauƙi.

Rana tana ɗagawa, zafi yana ƙaruwa, gawa tana kwance. Sai Gwaggo Ladi, matar Baffa, ta leƙo daga zaure ta ce, "Ɗan nan, ka taimaka kada babanku ya canza a ɗaki."

Liman ya miƙo mini guduma. Na durƙusa bakin rijiyar, garin duka yana tsaye a kaina, na fara duka. Saran farko a kan "Shugaba" ya sauka. Ina fasawa ina hawaye, ban sani ba ko na Baffa ne ko na kunya. Ruwan yana nan a ƙasa, yana jiranmu.

Sai bayan azahar muka kai Baffa makwancinsa.

Yanzu duk Juma'a nakan tayar da janareton in ji kukansa, ko da akwai wuta. Rijiyar kuwa murfin katako na yi mata, wanda ko tsohuwa za ta iya ɗagawa, kuma ban rubuta komai a kansa ba.