Kawu Nomau da 'Yan Riƙo Masu Wutsiya

A Tsamiyar Bako, in ka wuce rijiyar maƙera ka ga gida mai dangar kara da ƙofa biyu, to ka iso gidan Kawu Nomau. Ƙofa biyun ma da dalili. Wani ne ya taɓa ce masa gida mai ƙofa ɗaya, in tsiya na fita arziki ba ya samun hanyar shiga, washegari da sassafe ya fasa danga. Mu uku ne a gidan: shi, da matarsa Inna Tabawa, da ni Dije, 'yar ƙanwarsa da aka ba su riƙo tun ina rarrafe. Kawu ba mugu ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Ciwonsa ɗaya ne: magana yadda ta shiga kunnensa haka take zama, ba ta lanƙwasa ko kaɗan.

Wata rana Dakta Rifkatu, likitar dabbobi, ta zo daga birni yi wa awaki allura. Da ta gama sai ta tara mutane gindin tsamiya, ta tura gilashinta sama da ɗan yatsa kamar yadda ta saba, ta ce ita da wasu abokanta suna tsintar karnuka da kyanwoyin da suka ji ciwo, su yi musu magani, su ba wa masu aikin sa kai riƙo har a sami wanda zai ɗauka na dindindin. Asibitinsu ya cika. A bayan motarta akwai kyanwa mai ido ɗaya, da wata karya ramammiya da babur ya karya wa ƙafa.

"Wanda yake da wuri a gidansa ya ɗaga hannu."

Kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Hannu ɗaya ne ya tashi, na Kawu. Inna Tabawa ta mintsine shi.

"Malam, sauke hannun nan!"

"To ba mu da wuri ne? Bayan rumbu fa?"

Haka muka koma gida da baƙi biyu. Dakta ta raka mu har ƙofa, ta ce, "Baba, ka riƙe su kamar 'ya'yanka."

Wata rana, kwana shida da zuwansu, sai ga mata suna ta shigowa gidanmu da sabulu da turmin zane, suna kallon cikin Inna Tabawa a sace. Ashe Kawu ya bi gari yana raba goro, wai gobe suna. Inna, wadda ta haura hamsin, ta shige ɗaki ta ja asabari. Da safe Liman ya zo da jama'arsa, aka shimfiɗa tabarmi.

"Nomau, ikon Allah ya fi gaban mamaki. Mace ce ko namiji?"

"Mata ne, Allah gafarta Malam. Biyu."

"Tagwaye!"

Kawu ya shiga ya fito, kyanwa a hammata, karya a rungume. Liman ya daɗe yana shafa gemu. Mutum ne mai haƙuri. Daga ƙarshe ya ce tausayin dabba akwai lada a ciki, amma raɗin suna na ɗan Adam ne, shi dai zai yi addu'a, kuma mai gidan zai yi wa. Aka shafa, aka sha koko. Kawu da kansa ya raɗa: karya Tsintuwa, kyanwa Auta. Matan suka tattara turamensu suka tafi, sabulun dai Inna ta hana a mayar, ta ce ladan kunyar da ta sha ne.

Wata rana Dakta ta dawo ta sake wa Tsintuwa ɗori, ta naɗe ƙafar da bandeji, ta ce, "Baba, kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai na ce." Kawu ya yi tunani, ya ari zanen Inna, ya goya Tsintuwa. Gona da goyo, kasuwa da goyo, kunnuwanta biyu na leƙowa ta saman kafaɗarsa. Ita kuwa ta sami duniya, har gyangyaɗi take yi. Ran Juma'a ya je gaida Mai Unguwa Barau, mutumin da ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Kawu ya durƙusa ya sunkuya, ya sake sunkuyawa don ladabi. Sunkuyawar ta biyu ita ta kai bakin Tsintuwa daidai ƙwaryar furar Mai Unguwa. Lak, lak, lak.

"Ehem. Ehem! Nomau, me nake gani?"

"Ranka ya daɗe, yarinya ce, ba ta san fada ba."

Aka kifar da fura, aka aika a wanke ƙwarya. Mai Unguwa ya nuna Kawu da sanda.

"Don darajar likita na bar ta. Amma ran da ƙafar nan ta warke, ta bar mini gari. In ba haka ba, in sa a yi mata abin da ake yi wa karen da ba shi da ubangida."

Kowa a wurin ya san abin da ake yi wa irin wannan kare. Kawu ma ya sani. Ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Wata rana Dakta ta bugo wayata, ta ce a riƙa auna Auta duk mako don a ga ko tana murmurewa. Ita sikeli take nufi. Mu kuwa a Tsamiyar Bako ba a auna komai sai da tiya. Kawu ya ɗauki Auta sai rumfar Jatau mai awo. Jatau na cikin ciniki ya ga an dire masa kyanwa.

"Auna mini."

"Me zan auna, Nomau?"

"Auta. Kada ka danne, kada kuma ka yi mini hannu."

Jatau, don a zauna lafiya, ya sa ta cikin tiya. Ta yi juyi biyu ta kwanta. Makon farko ba ta cika ba. Na biyu ta zo baki. Na uku Kawu ya karɓi wayata ya kwarara wa Dakta ihu: "Likita, tiya guda har da tozo!" Na ji ta can tana dariya har da tari, ta ce a ci gaba, awon ya yi. A mako na huɗu ana cikin awo wani ƙaton ɓera ya gifta tsakanin buhunan dawa. Auta ta fice daga tiya kamar an harba kibiya, ta dawo da shi a baki. Jatau ya cire hula ya sake sawa. Washegari ya zo da kansa neman a ba shi ita. Kawu ya bayar, ya zaga bayan rumbu ya yi kukansa, ya dawo ya ce hayaƙi ne.

Saura Tsintuwa. Kyanwa kowa na so, kare kuwa sai a ce Allah ya kawo mai so.

Wata rana da hantsi Dakta ta kwance ɗorin. Tsintuwa ta taka, ta ɗingisa, ta zaga tsakar gida da gudu har ta watsa kaji. Inna Tabawa ta rage murya ta ce a mayar da bandejin ko na wata guda ne, wa zai sani? Muka waiga, babu Kawu. Sai ga shi ya dawo yana haki.

"Ina ka je, Malam?"

"Fada. Na gaya masa ta warke."

"Wa ya aike ka?"

"Shi ya ce ran da ta warke. In ban faɗa masa ba, ta ina zai san ranar?"

Inna ta zauna daɓas kan turmi. Mai Unguwa ya ba da kwana uku, zuwa Alhamis.

Ran Talata sai ga wani mutum a kan babur, fara'a har kunne, ya ce sunansa Ɗanliti, mai lambu ne a Rafin Ɗinya, ya ji ana neman mai ɗaukar karya, shi kuwa gadi yake nema. Ya shafa haƙarƙarinta ya ce ta yi kyau. Ya ce ran Alhamis a fito masa da ita bakin titi, zai zo da buhu. Muka yi murna, muka kira Dakta. Ta lura Kawu kaɗai ne bai yi murna ba sai ta lallashe shi: "Baba, ka yi haƙuri. Rabuwa da ita kamar aurar da 'ya ne. Ka yi mata abin da ya dace, ka sallame ta."

Kawu ya miƙa mini waya a hankali.

"Kun ji da kunnenku. Kuma 'yata za a ɗauka a bakin titi cikin buhu? Amarya kai ta ake yi."

Wata rana, wato Larabar nan, wadda har yau ake labarinta, Tsintuwa ta kwana da lalle a ƙafa huɗu. Kawu ya ɗaure mata kayan ɗaki: tabarma, kwano biyu, da zanen goyonta. Ya sa Inna ta yi gara, nakiya cike da akushi, tana yi tana tsaki. Ya ari amalanken shanu, ya bi gida gida yana gayyatar tsofaffin mata rakiya. Ba wadda ta ƙi, don ba kullum ake samun abin dariya kyauta ba. Bayan azahar muka kama hanya, mata tara, amarya a tsakiya lulluɓe da mayafi, ɗaya daga cikin matan, Iya Kande, na rangaɗa guɗa duk inda muka ga mutum.

A Rafin Ɗinya Kawu ya yi sallama ga wasu dattawa.

"Gidan Ɗanliti mai lambu muke nema. Amarya muka kawo."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce lambu ɗaya ne a garin, na Gwaggo Hasiya ne, ga shi can. Ɗanliti kuwa baƙo ne, ko gindin albasa ba shi da shi, wani kango yake kwana a bayan lambun, ba ya barin kowa ya matsa kusa. Kawu ya ce ango ango ne ko a kango. Muka nufi can, Iya Kande ta saki guɗa a bakin ƙofa. Sai aka amsa mata daga ciki, haushi da kuka kamar ana yanka. Matan suka danna kai. Karnuka ne goma sha biyu ɗaure da igiya, ba ruwa ba inuwa, ga kejin katako a jingine, irin wanda ake ɗora wa mota a kai su kasuwar nesa.

Iya Kande ta dafe ƙirji.

"Wannan ba Duna ba ne? Karen mijina da muka ce kura ta ci!"

Wata ta gane na ɗanta. Dattawan da suka biyo mu suka gane shida. Ɗanliti ya fito daga ɗaki yana murza ido, ya ga mata tara da akushi da karya a lulluɓe, ya dubi ƙofa ya ga ta cika. Bai tsaya gaisawa da surukai ba, ya kama katanga. Takalminsa ɗaya na nan har yanzu.

Ana ta kwance igiyoyi ana ba su ruwa, Kawu kuwa ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

"Ango ya gudu. Amarya kuma ba ta komawa gida ran da aka kawo ta. Gobe Alhamis."

Dariya ta ɗauke. Tsintuwa ta zame mayafi ta kwantar da kai kan gwiwarsa. Can sai ya ɗago.

"Tsaya. Ni mai lambu na yi wa alkawari. Wa kuka ce yake da lambu?"

Gwaggo Hasiya na tsaye da fartanya a kafaɗa, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ta zo kallo. Kafin ta buɗe baki Kawu ya dire tabarma da kwanoni da akushi a gabanta.

"Ga amana, Gwaggo."

Ta dubi karyar, ta dubi lallen, ta buɗe akushi ta gutsiri nakiya ta tauna.

"Birai sun hana ni cin tumatir shekara uku. Tana haushi?"

"In an yi mata laifi."

"To birai kullum cikin laifi suke. Shigo da ita."

Kawu ya shimfiɗa tabarmar da hannunsa gindin mangwaro, ya tsuguna ya yi wa amarya nasiha: yi na yi, bari na bari, ban da ƙwaryar manya. Ya tashi bai waiga ba. Wannan karon bai ce hayaƙi ne ba.

Karnuka huɗu ne suka rage ba mai su. Na kira Dakta na faɗa mata komai. Ta ce ita ce ya kamata ta ce a je a ga wurin tun farko, daga yau kuma ba za su sake ba da dabba ba sai an kai ta har gida. Ta ce asibiti har yanzu a cike yake, ko akwai mai wuri? Na maimaita wa jama'a tambayar, na waiga, hannun Kawu na sama.

La'asar sakaliya muka shigo Tsamiyar Bako. Mai Unguwa na zaune ƙofar fada, labari ya riga mu isowa. Ya ƙirga kawunan da ke leƙowa daga amalanke.

"Ehem. Ehem! Nomau, ban ce ta bar mini gari ba?"

"Ta bari, ranka ya daɗe. Tana ɗakinta. Waɗannan ba ka ce komai a kansu ba."

Mai Unguwa ya jawo ƙwaryar furarsa ya sa a bayansa.

"Wancan jan, mai tsayin ƙafa. In ya yi ƙiba a kai mini garke. Amma Nomau, ban da guɗa."

Iya nan na kawo muku shi. Wanda ya ce na ƙara gishiri, hanyar Rafin Ɗinya ba ta da nisa, ya je lambu ya taɓa tumatir ɗaya ya gani.